Rawar Motar Baba

Ranar Laraba ce, kuma tun da gari ya waye ake yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi shi a hankali har cikin ƙashi. Tsinke yana tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar ƙwai na gonar kaji, ruwa na ɗiga daga bakin kwano yana shiga wuyan rigarsa, mai gonar kuma tana ɗaga ƙwai ɗaya bayan ɗaya zuwa hasken taga.

"Kalli wannan. Kalli wannan ma. Ka ga tsagar? Siririya kamar gashi." Ta ajiye ƙwan a kiret. "Kiret bakwai aka dawo min da su daga kayan jiya. Ba faɗuwa suka yi ba, tsagewa suka yi, duk ta ƙasa. Rawa kake yi da su a hanya?"

"Ramuka ne, ranki ya daɗe. Damina ta cinye hanyar."

"Hanyar da kake bi tun bara ce ta zama sabuwa yau?" Ta goge hannunta a gefen zani. "Da yamma akwai kiret ɗari da hamsin na babban kanti. Ba sa karɓar kaya bayan ƙarfe biyar, ba sa kuma karɓar uzuri. In aka dawo min da ko kiret ɗaya, kada ka ƙara tako ƙofar nan. Masu mota ba su ƙare a duniya ba."

Tsinke ya juya ya nufi motarsa.

Motar tana tsaye a cikin taɓo, bayanta a sama, gabanta a ƙasa, kamar akuya na shan ruwa. Tsohuwar a-kori-kura ce ta marigayi mahaifinsu. Tun da Tsinke ya bar makaranta babu abin da bai taɓa ba, daga sayar da cajar waya har gadin shago, kuma babu inda ya yi wata uku. Jigilar ƙwan nan ita kaɗai ta zauna masa. Da ita yake saya wa mahaifiyarsu magani ba tare da ya miƙa wa yayansa hannu ba, kuma wannan ya fi masa komai daɗi.

Shi ya sa aka ɗaga bayan motar, makon jiya. Akwai wani kwari a hanyar gonar da ruwa ke kwanciya, kullum sai bututun hayaƙi ya nutse, ƙasan motar ya karci dutse. Yayansa bakanike ne, mai garejin kansa. Tun farkon damina Tsinke yake roƙonsa ya ɗaga masa ita, kullum amsa ɗaya: gobe. Da goben ta ƙi zuwa, sai ya kai ta wurin Tartsatsi mai walda, wanda ya yanko tubalan ƙarfe biyu ya cusa tsakanin sifirin da aksul, ya ɗaure da dogayen ƙusoshi. Mota ta tashi. Ta haye kwarin nan ko jiƙa cikinta ba ta yi ba.

Sai dai tun ranar, da zarar allura ta haura hamsin, wani gurnani yake tasowa daga ƙarƙashin kujera. Madubin tsakiya ya dushe har ba a gane abin da ke baya. Makullai su yi ta kaɗawa. Haƙoransa ma sai ya ji suna ƙaiƙayi.

Ya fara da mai faci na bakin titi. Mutumin ya murza tayoyin baya, ya shafa su da tafin hannu, ya ce shi bai ga kumburi ba.

"Ni ban ce ka gani ba, cewa na yi ka yi musu balansin," in ji Tsinke.

"To, motarka ce."

Aka cire, aka ɗora a na'ura, aka manna dalma, aka mayar. Ya hau titi, allura ta taɓa hamsin da biyar, madubi ya dushe kamar da. Ya daki sitiyari har hon ya yi ƙara, wani mai babur ya waiwayo ya zage shi, shi ma ya rama har da kari.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai rumfar Tartsatsi. Ya same shi tsugune da baƙin gilashi a fuska, yana ɗinke wata ƙofa.

"Ka lalata min mota!"

Tartsatsi ya ɗaga gilashin zuwa goshi. "Sallamar ke nan? Wace motar? Wannan da na mayar amarya?"

"Rawa take yi. Tun ranar da ka taɓa ta."

"Aikina ba ya rawa, abokina. Ko gini aka ɗora a kan tubalan nan ba za su motsa ba." Ya miƙe yana kallon bayan motar, sannan ya kalli wasu manyan ƙyamaren ƙarfe biyu da ke jingine da bango. "Amma zo mu gwada, kada ka ce na ƙi. Tunda fita za mu yi, bari a ɗora waɗannan, gidan mai su yana kan hanya."

Kafin Tsinke ya buɗe baki, ƙartin ma'aikatan Tartsatsi biyu sun ɗora ƙyamaren, sun ƙara da janareto, sun haye sun zauna a kai. Tartsatsi ya shige gaba ya cika kujera.

Suka hau babban titi. Hamsin. Sittin. Saba'in. Motar tana tafiya sumul kamar a kan katifa. Madubi tar, har ana ganin haƙoran ƙartin nan suna dariya a baya.

"Ina rawar?" in ji Tartsatsi.

"Jira."

"Ina jira. Ko sai an kira makaɗi?" Ya kwashe da dariya yana dukan cinyarsa. "Tsinke, jikinka ne ke rawa, ba mota ba. Ka ci abinci da safe kuwa? Mutum kamar sandar rake, ai ko iska ta kaɗa sai ka ji gurnani."

A ƙofar gidan mai ƙyamaren suka sauke kaya, Tartsatsi ya ɗaga masa hannu, ko sisin mai bai bayar ba. Tsinke ya juya kan motar shi kaɗai. Bai kai ga shataletale ba gurnanin ya dawo, har ya fi na safe. Ya yi ihu a cikin motar, shi kaɗai, gilasai a rufe.

Wuri ɗaya ya rage, wurin da yake kewaye wa tun makon jiya.

Yaya yana cikin rami a ƙarƙashin wata tasi sa'ad da motar ta shigo garejin. Ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya zagaya motar, ya tsaya a bayanta, ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, jijiyar goshinsa ta fito.

"Wa ya yi wannan?"

"Ba shi na zo tambaya ba. Rawa take yi."

"Auta, wa ya yi wa motar Baba wannan?"

"Kada ka ce min Auta a gaban mutane. Tartsatsi ne."

"Mai ƙofofi." Yaya ya gyaɗa kai a hankali. "Ka ɗauki motar Baba ka kai wa mai ƙofofi. Me ya sa ba ka kai wa tela ba? Ai shi ma yana da awo."

"Da ka yi min, da na kai masa? Sau nawa na zo nan? Gobe, gobe, gobe! Motar kowane bare kana da lokacinta, tawa ce ba ka da shi!"

"Taka?"

"Tamu. Ni nake tuƙa ta."

Mai tasin da ke zaune a benci ya tashi ya ce bari ya je ya sha shayi. Yaya ya jefar da tsumman, ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba. "Shiga."

A kan titi bai kalli ƙanensa ba ko sau ɗaya. Tambayoyi kawai yake jefowa kamar ɗan sanda.

"A sitiyari kake jin ta ko a kujera?"

"Kujera."

"To ba gaba ba ne." Ya kai ta sittin, gurnani ya cika motar. Ya taka kuloci, ya fitar da giya, injin ya yi shiru, motar tana gangarawa da kanta. Gurnanin bai tafi ba. "Ba inji ba ne." Ya mayar da giya ya taka totur, gurnanin ya ƙara kauri. "Ka ji? In an matsa mata ta fi kuka. Taya ba ta haka. Taya bugu take yi, dum, dum, kana iya ƙirgawa. Wannan ya fi taya sauri."

"Na riga na yi balansin."

"Sannu da ɓarna."

"Kuma ɗazu da Tartsatsi ya loda min ƙyamarensa da ƙartinsa, munafukar ko tari ba ta yi ba. Ta mayar da ni mahaukaci."

A nan ne Yaya ya waiwayo. "Da kaya ta yi shiru?"

"Na ce maka."

"Shi ya kamata ka fara faɗa, maimakon ihu."

Suka koma gareji. Yaya ya sa jak, ya tokare aksul, ya cire tayoyin baya gaba ɗaya, ya sa Tsinke ya tayar ya saka giya. Babu taya, babu titi, amma da allura ta hau, kwanon bayan motar ya ɗauki kaɗawa. Yaya ya yi masa alama ya kashe, sannan ya ja shi da hannun riga zuwa cikin rami.

"Buɗe idonka. Wannan doguwar sandar ita ce farfela, ita ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya. Kuros biyu gare ta, ɗaya nan a bakin giya, ɗaya can a bakin aksul, kamar gwiwa. Da can kusan a miƙe take kwance. Yanzu kalle ta, kamar tsani. In gwiwar gaba ta lanƙwashe, kowane juyi sai ta yi sauri ta yi jinkiri. Ta baya ce ke gyara wannan, amma sai in lanƙwasarsu ɗaya." Ya ɗaure noti a zare ya sake shi ya rataya a gefen tubalin. "Ka ga? Malaminka mai walda ko a miƙe bai yanka ba. Gefe ɗaya ya fi kauri, ya tura bakin aksul ƙasa. Gwiwar gaba tana faɗin wata magana, ta baya tana faɗin wata. Faɗansu kake ji a kujera. In ka ɗora nauyi, baya ya sauka, su ɗan shirya. Ƙwai kuwa ba nauyi gare shi ba, girman ido ne."

Tsinke ya yi tsaki, ba don bai gane ba, sai don ya gane.

"Ban gama ba. Kawo hannunka." Yaya ya ɗora yatsun ƙanensa a kan wani wuri mai sheƙi, inda farfelar ke shiga akwatin giya. "Wannan wuyan a ciki ya kamata ya zauna. Yatsa huɗu ya fito. Abin da ya rage a ciki bai kai a dogara da shi ba. Ka faɗa rami da gudu babu kaya, baya ya yi tsalle, zai zare."

"To cire tubalan. Yanzu."

"Ina tsofaffin ƙusoshin?"

Babu su. Tartsatsi da wuta ya yanke su, ya watsa a cikin tarkace.

"Na sani," in ji Yaya. "Waɗannan dogayen zarensu bai kai inda nake so ba. Sai gobe in an buɗe kasuwar kayan gyara."

"Gobe!" Muryar Tsinke ta cika ramin. "Ka ji ka ko? Gobe! Yau nake da kaya! In ban kai ba aikin ya tafi, in dawo ina zaman benci a nan kana aikena sayen ruwa. Abin da kake so ke nan tun farko!"

Yaya ya dube shi, idonsa ya yi ja, kamar zai kai masa mari. Sai ya haye daga ramin ya nufi bayan gareji, inda ya tara yashin da zai yi daɓen rumfa da shi. Shi da kansa ya riƙa ɗauko buhunan a kafaɗa, ruwa na dukansa, yana jera su a bayan motar daidai kan aksul. Guda takwas. Bayan motar ya sauka kamar an danna shi da hannu.

"Kada ka sauke su. Kada ka wuce hamsin. Ka kai kayanka ka dawo min da ita nan." Ya mayar da tayoyi ya ɗaure. "Kuma buhunana ne, ina son abina."

Tsinke ya ja mota bai ce na gode ba. A hanya ya gwada ta har sittin. Shiru. Wannan shirun ma haushi ya ba shi.

A gona, ma'aikata suka fara lodi, mai gonar tana tsaye da laima. Da aka kai kiret ɗari, wuri ya ƙare.

"Mene ne wannan a tsakiya?" ta tambaya.

"Yashi ne."

"Na ga yashi ne. Gini kake yi da motar da na ɗauka haya? Kiret hamsin suna ƙasa."

"Sai in dawo in ɗauka."

"Ka dawo yaushe? Dubi sama, dubi agogo." Ta matso ta kafe shi da ido. "Ko dai motar ba lafiya? Faɗa min gaskiya tun yanzu in kira wani. Ga lambarsa a wayata."

Ma'aikatan sun tsaya da kiret a hannu suna jiran amsarsa. Ɗayansu yana murmushi. Haushi ya turnuƙe Tsinke: mai faci, Tartsatsi da dariyarsa, Yaya da zarensa da notinsa, yanzu kuma wannan da wayarta. Kowa yana da abin faɗa a kan motarsa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "An gyara."

Ya haye baya ya riƙa turo buhunan da ƙafa, suna faɗowa cikin taɓo ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen ya fashe. Aka cike wurin da ƙwai, aka ja tamfol aka ɗaure. Ya gaya wa kansa ai ba zai wuce arba'in ba.

Kuma da farko bai wuce ba. Ya haye kwarin a hankali, ya hau kwalta, manyan motoci suna wuce shi suna watsa masa ruwa. Sai ya tarar da wata tirela ta maƙale a kan gada, aka yi ta jira. Da hanya ta buɗe, waya ta fara ƙara a aljihunsa. Mai gona. Bai ɗauka ba. Ta sake kira. A karo na uku ya ɗauka.

"Kana ina? Sun kira ni, sun ce suna shirin rufe ƙofar baya!"

"Ina hanya!"

"Ka kwana a hanyar!"

Ya jefa wayar kan kujera ya taka totur. Hamsin. Gurnani ya taso. Sittin, madubi ya dushe. Ya tuna a 'yan kwanakin nan in ya kai ta tamanin rawar takan ɗan lafa, sai ya ƙara dannawa don ya tsallake wurin da sauri. Makullai suna kaɗawa, kwalbar ruwa ta faɗo daga gaban gilashi, shi kuma yana zagin motar da sunan duk wanda ya ɓata masa rai tun safe.

Wani rami ne a tsakiyar titi cike da ruwa, shi ya sa bai gan shi ba. Gaba ya faɗa ya fita, baya ya yi tsalle. Sai ƙara kamar an saki guduma a cikin ganga. Kan farfelar ya zare ya soki kwalta, bayan motar ya tashi sama, Tsinke ya ga titi ya cika gilashin gaba, goshinsa ya daki sitiyari. Motar ta dawo ƙasa da ƙarfi, ta ja gefe, ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin kwata. Injin yana ta kuka shi kaɗai, babu abin da yake juyawa.

Ya kashe. Ya fito. Igiyar tamfol ta tsinke. Daga inda yake har baya can, titi ya zama ruwan ɗorawa, yayyafi yana wanke shi zuwa kwata. Mutane suka taru suna sannu, wata mata ta miƙa masa hankici don goshinsa, wasu kuma tuni sun sunkuya suna tsintar waɗanda ba su fashe ba. Bai hana su ba. Wayar tana ta ƙara a cikin mota. Da ta yi shiru ya ɗauka, ya kira wata lambar.

Yaya ya iso da motar ja kafin magariba. Ya sauko, ya kama haɓar ƙanensa ya juya fuskarsa ya duba goshin, ya saki. Ya leƙa bayan motar.

"Ina buhunana?"

"Suna gona."

Yaya ya gyaɗa kai. Tsinke ya tsaya a shirye, amsoshinsa duk suna bakinsa, yana jiran kalma ɗaya kawai ya zazzage su. Kalmar ba ta zo ba. Yaya ya shimfiɗa kwalin kiret a kan ƙwan da ruwan, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar Baba. Can sai hannunsa ya fito, tafin a buɗe.

"Sha huɗu."

Tsinke ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya buɗe akwatin kayan aiki ya nemo sifanar, ya sa masa.

"Da na yi maka tun farkon damina," muryar ta fito daga ƙarƙashi, ƙasa-ƙasa, "da yanzu ina gida ina shan shayi. Riƙe min nan, kada ta faɗo min a fuska."

Ya durƙusa a cikin ƙwan ya riƙe.

Abin da ya tafi a ranar: ƙwai kiret ɗari da talatin da ɗaya, sauran kuma mutanen titi sun rage su. Farfela ɗaya da kuros ɗinta biyu. Bakin akwatin giya, da man da ke ciki. Bututun hayaƙi, wanda dominsa aka fara komai. Buhun yashi takwas. Aikin gona. Tubalan Tartsatsi guda biyu kuwa, da aka kwance su washegari, ko ƙwarzane babu a jikinsu.